Motar Malam Ta Daina Feɗuwa

"…Lafiya lau na kwana, har zuwa lokacin da na buɗe ido na gan ka."

"To mayar da su ki rufe, Amarya. Dama ba wani aiki suke miki ba. An ce shekaranjiya kin gaishe da turmi, kin zaci Fasto ne ya zo ziyara."

"Turmin ya fi ka iya amsa gaisuwa. Durƙusa da kyau. Ni ba a gaishe ni a tsaitsaye kamar ɗan yankan wuta."

Kefas ya ajiye jakar sifanu da ɗan kwalin da ya riƙo, ya kai gwiwa kan jiƙaƙƙen siminti, ya sake gaisuwar daga farko. Magidanci ne mai mata da 'ya'ya, bakanike mai garejin kansa a bakin titin Tudun Wada. Amma a wannan gida shi miji ne kawai, mijin ma na banza, domin haka Inna Ishatu ke kiran jikanta tun yana cikin tsumma, shi kuma yake kiranta Amarya tun ran da bakinsa ya buɗe.

Asabar ce ta tsakiyar damina. Sama ta haɗe rai tun asuba, ba ta yi ruwa ba, ba ta kuma fasa ba, sai yayyafi jefi-jefi. A ƙarƙashin rumfar kwano motar mijinta marigayi Malam Nagoda take, ja, mai ƙofa biyu da kujera biyu, ta lafe da ƙasa kamar ƙadangare, injinta a bayan kujeru. Irin motocin tseren nan ce ta da. Malam ya saye ta a hannun wani Bature da zai koma gida, ya kuma yi shekara da shekaru yana tuƙa ta da saurin jaki.

Bara war haka aka binne shi a Wusasa. Tun daga ranar Inna Ishatu ba ta taka ƙofar gida ba: ba kasuwa, ba zumuntar mata, ba sujada. Gobe bayan sujada za a buɗe dutsen da aka ɗora a kan kabarinsa, dangi har sun fara sauka a gidan 'yarta Victoria da ke Hanwa. Victoria ta yi lallashi, ta yi kuka, ta turo Fasto. Inna ta ce ita ba ta ƙi ba, amma a motar Malam za ta je, wadda ya saba kai ta sujada a ciki. Kowa ya san motar ba ta motsa ba tun rasuwar, kowa kuma ya gane a'a ce aka naɗe a cikin zane. Kefas ma ya gane. Sai dai ya yi kamar bai gane ba. Ran Alhamis ya zo da batir da sabon fetur ya tayar da ita, ta cika tsakar gida da farin hayaƙi, ta yi wata doguwar feɗuwa, ta mutu. Yau ya dawo da magani.

"Me ke cikin kwalin? In lefe ne ya yi kaɗan."

"Lefe kuma? Ai ke kyauta aka ba ni, har da roƙo. Wannan sefareta ce. Ogbonna mai sayar da kayan mota ya nemo mini ita, sai da aka aiko daga Legas."

"Sefa wa?"

"Abin da ke raba baƙin mai da iskar inji. Mai ya koma ƙasa inda ya fito, iska ta wuce a ƙone ta. Akwai wata 'yar roba a ciki kamar fatar kalangu. Ta Baba ta yage, shi ya sa inji ke shan mansa yana ƙonawa."

"Wato mai raba faɗa ce."

"Kusan haka."

"To sa mini ɗaya tsakanina da kai."

Ta jawo kujerarta 'yar tsugunne zuwa bakin rumfa, ta ɗora faifan wake a cinya. Kefas ya lura zanen ya yi mata yawa, sai da ta ninka shi sosai a ƙugu. Ya sa jak, ya ɗaga bayan motar, ya kwance tayar dama, ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi.

"Kai da ba ka iya gyara zaman wandonka ba, kai ne za ka gyara motar Turawa?"

"Ni da na gyara ki? Lokacin da na auro ki ba kya tashi sai an tura."

"Ƙarya kake. Ni da samari ke layi tun daga nan har Gyallesu. Ko jiya sai da na kori wani mai jirgin sama."

"Ya zo ɗaukar ki ne ya kai gidan tarihi. An ce ke kika yi wa dutsen Kufena wankan jego."

"Na yi masa, kuma ya fi ka kyan gani. Kai da aka haife ka ungozoma ta tambaya ina gaban, ina bayan."

"Miƙo mini sifana mai lamba goma."

"Ni yarinyar shagonka ce?"

Ta miƙa masa ta goma ɗin, ba ta ko duba lambar ba. Shekarun da ta yi tana zama a wannan wuri tana miƙa wa wani sun koya wa hannunta.

Wurin da sefareta take matsattse ne, an cusa ta a lungun da hannu ba ya shiga sai ya bar fata. Kefas ya yi ta laluba, baƙin mai yana ɗiga masa a goshi. Ya kwance notuna biyun da suka riƙe ta, ya kai ga tiyon ƙasa, sai ya ji abin da ya ɗaure bakin tiyon ba ƙarfe ba ne. Ya haska da waya. Tsumma ne, an naɗa shi an ƙulle tsaf, irin ƙullin mutumin da ya yi rayuwarsa yana ɗaure ciwo a asibiti. Ya warware shi da ƙyar ya jefo waje.

"Amarya, Baba da bandeji yake gyaran mota?"

Ta sa tsinke ta ɗago tsumman, ta juya shi. Mai ya cinye shi, amma ta gefe ɗaya akwai sauran shuɗi da zanen 'yan ganye.

"Ɗankwalina ne," in ji ta. "Na bikin Victoria."

"A'a."

"Shi ne. Har ƙarƙashin gado na shiga nemansa. Mutumin nan yana zaune a nan yana shan shayi, ya ce mini wataƙila iska ce ta ɗauka." Ta girgiza kai. "Har da taya ni leƙa bayan katanga."

"Akwai wani a tiyon sama. Wannan kore ne."

"Bar faɗa mini. In ka ci gaba zan tarar rabin akwatina a cikin injin nan."

"Kin ga irin mijin da kika yi kafin ki samu na kirki."

"Shi ɓarawon ɗankwali ne. Kai ko ɗankwalin ba ka taɓa saya ba balle ka sata."

Ba ta jefar da tsumman ba. Ta ajiye shi a gefen ƙafarta, ta koma tsintar wake, sai dai Kefas yana hango hannun daga ƙarƙashin mota, tsakuwa take mayarwa cikin faifai tana zubar da waken.

Hantsi ya yi kafin tsohuwar sefareta ta fito. Baƙar roba ce kamar gwangwanin madara, ta yi kitse da datti. Ya girgiza ta, mai ya zubo ta bakin da iska kaɗai ya kamata ta bi. Ya cire bututun da ke kai iska cikin inji, ya tarar da shi jiƙe sharkaf, ya goge shi ciki da waje. Sannan ya zaunar da sabuwar, ya sa sababbin tiyo, ya ɗaure kowanne da maɗaurin ƙarfe. Da ya fito daga ƙarƙashi, bayan hannunsa duk ya kurje.

"Ka yi kama da wanda aka tono."

"Ke kika jawo. Wasu matan ɗan kunne suke nema, ke kin ce sai an ta da matacce."

Maganar ta fita kafin ya kama ta. Inna ta dube shi, ta dubi motar.

"In ka iya, fara da mai ita," ta ce, ba tare da ɗaga murya ba.

Kefas ya sunkuya yana neman abin da bai ɓata ba a cikin jaka. Yayyafi ya ɗan ƙaru a kan kwano. Can ya miƙe ya buɗe murfin inji ta bayan kujeru, ya shiga ɗaure wayoyi da duk inda wuta ke bi da leda. Ya zuba kananzir a gwangwani, ya ɗauko buroshi, ya kaɗa garin sabulu a bokiti.

"Wannan kuma na mene ne?"

"Wanka zan yi mata."

"Wa ya aike ka? Gyara aka ce."

"Dubi nan, Amarya. Man shekara da shekaru ne ya daskare. In inji ya yi zafi zai riƙa ƙonewa, kuma in wani wuri yana yoyo ba zan gani ba. Dole a wanke."

"Malam bai taɓa wanke shi ba."

"Shi ya sa ya yi kama da bayan tukunyarki."

"Bayan tukunyata ya ciyar da ubanka har ya yi ƙarfin haifo masifa."

Ya fara gogewa. Kananzir ya narkar da dattin, buroshi ya biyo, baƙin ya riƙa saɓulewa yana faɗuwa dunƙule-dunƙule. A hankali farin ƙarfe ya fara leƙowa, har da wasu rubuce-rubucen Turawa da ba wanda ya san suna wurin. Ya bi da ruwan sabulu, ya ɗauraye da buta kaɗan-kaɗan don kada ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Baƙin ruwa ya gangaro daga ƙarƙashin mota, ya ratsa tsakar gida, ya bi ta gaban ƙafafun Inna, ya nufi rariya.

Ta bi shi da ido har ya fice ta ƙasan katanga.

"Warin ma ya tafi," ta ce.

"Wane wari?"

"Na rigunansa. Ko na wanke su da me, sai sun yi warin man nan. A majami'a ma in na rufe ido ana addu'a, na san ta inda yake zaune." Ta kakkaɓe zaninta. "Yanzu gidan warin kananzir yake, kamar ɗakin gwauro. Ɗakinka ke nan in na sake ka."

"Ai mace ba ta saki."

"Ni na fara. Je ka tambaya a tarihi, tunda ka ce a can nake."

Ya yi 'yar dariya don kada ta ga bai yi ba. Ya goge injin da busasshen tsumma, ya cire ledojin, ya mayar da taya, ya sauke jak. Ya duba mai, ya ƙara. Azahar ta wuce, ta kawo masa ɗanwake a kwano, ta ce ragowar na kaji ne. Ya ce ya gode, dama ya ga kajin sun rame. Ita ba ta ci ba.

Da inji ya bushe, Kefas ya shiga ya murɗa makulli. Motar ta yi tari, ta kama. Farin hayaƙi ya bulbulo daga salansa, sauran man da ya maƙale a hanya ne yake ƙonewa. Inna ta miƙe tsaye, faifan ya zame daga cinyarta. Fuskarta ta buɗe, ta karkata kai gefe guda kamar mai jiran a kira sunanta.

Hayaƙin ya yi ta raguwa. Ya zama siriri, ya zama ba komai. Inji ya daidaita, yana wani gurnani mai laushi, ƙasa-ƙasa, ba tari, ba kakari. Kefas ya taka totur, ta amsa, ya saki, ta kwanta. Ya fito yana goge hannu, ƙirjinsa a gaba.

"To, Amarya. A guga zani. Gobe sai Wusasa."

Ba ta motsa ba. Kanta yana karkace har yanzu.

"Ina feɗuwar?"

"Wace feɗuwa?"

"Wadda take yi."

"Ai ita ce cutar. Iska ce ke bi ta yagaggiyar robar nan. Na raba ta da ita har abada."

Inna ta koma ta zauna a hankali. Ta ɗauki faifan, ta kife shi a kan gwiwa.

"Wannan ba motar Malam ba ce."

"Ta wace ce, ta Sarkin Pawa?"

"Taka ce. Ni motar Malam na ce. Motar Malam tana hayaƙi, tana wari, tana feɗuwa. Wannan baƙuwa ce, ban san ta ba, kuma ni ba na shiga motar baƙi."

"Amarya, fatar hannuna tana cikin injin nan."

"Je ka ciro abarka. Ka mayar da tsohuwar sefa ɗin."

"In na mayar, ba za ta kai Ƙofar Doka ba. Robar ta gama yagewa. Inji zai shaƙi mai ya ƙame, daga nan sai 'yan gwangwan."

"To ka ga ba tafiya ke nan. Ba laifina ba ne. Ka faɗa wa Victoria na yi niyya."

Ta faɗi haka da sauƙi, irin sauƙin wanda ya daɗe da shirya amsa. Kefas ya kashe motar. Sai yanzu ya tuna ran Alhamis: da motar ta yi feɗuwar nan, Inna ta fito daga ɗaki da sauri, ba takalmi, ba ɗankwali, ta tsaya a bakin ƙofa, sannan ta juya ta koma. Shi ya ɗauka hayaƙin ne ya dame ta. Kunnen bakanike in ya ji ƙara, abin kashewa kawai yake ji.

Ya zo ya tsuguna a gabanta. Bai ce Amarya ba.

"Kaka."

"Kada ka kira ni da sunan tsofaffi."

"Kaka, gobe kowa zai je. Kujerarki ce kaɗai za ta zauna ba kowa."

Ta daɗe tana murza bakin faifai.

"In la'asar ta yi," ta ce, "tun daga kwanar masu kifi nake jin ta. Sai in sauke ruwan zafi. Kafin ya yi hon na buɗe ƙofa. Yanzu ga motar nan a gabana kullum, ido ya sani. Kunne ne bai sani ba. La'asar na yi sai ya tashi tsaye." Ta ja hanci. "In na je na ga dutse da sunansa a rubuce, shi ma kunnen zai ji labari. Ni kuma ban san me zan riƙa yi da la'asar ba."

Kefas bai da sifanar wannan. Ya dubi tsohuwar sefareta a kan kwali, ya dubi hannuwansa. Yayyafi ya tsaya, kwanon rumfa yana ɗiga ɗaya-ɗaya.

A al'ada, in tsoho ya cika da shekaru ya tafi, jikoki ba kuka ne aikinsu ba. Su ne masu sa rigarsa, su kwaikwayi tafiyarsa da faɗansa a gaban masu makoki har sai an yi dariya da hawaye a fuska. A rasuwar Malam ba a yi ba. Inna ta kulle kanta a ɗaki, Victoria ta ce duk jikan da ya yi wasa sai ta saɓa masa. Kefas ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa.

Ya shiga motar, ya jawo kujera gaba har ƙirjinsa ya kusa taɓa sitiyari. Ya ɗage haɓa, ya runtse ido kamar mai karanta allo daga nesa, ya riƙe sitiyari da hannu biyu kamar za a ƙwace. Ya tayar da inji. Sannan ya tura leɓe ya saki feɗuwa, doguwa, mai rawa. Ya danna hon sau biyu, ya leƙo ta taga, ya shaƙe murya.

"Ishatu, kin shirya, ko sai Almasihu ya dawo ya same mu a nan?"

Inna ta ɗago kai da sauri. Kefas ya ce a ransa ya ɓata komai.

"Ba haka yake cewa ba," in ji ta.

"Haka yake cewa."

"Ƙarya kake. 'Ishatu' ɗin ja yake yi. Kuma ba ya leƙowa ta taga, ba ya sauke gilashi, ƙofa yake buɗewa."

Kefas ya buɗe ƙofa, ya sa ƙafa ɗaya waje. "Ishaaatu."

"Ka yi kamar akuyar da aka taka. Kuma feɗuwar ba haka take ba. Taka ta masu kiran kare ce."

"To yaya take?"

"Siririya ce. Daga ƙasa take farawa."

Ya sake yi, da gangan ya kumbura ta.

"Kai, wannan yaro ba ka da kunne." Ta miƙe, ta tako har gefen motar, ta dafa rufin. "Ƙasa, na ce. In ya saki totur sannan take hawa. Kamar butar shayi tana shirin tafasa."

Ya yi ƙasa, ya hau a hankali.

"Ya ɗan yi. Amma ba a tsaye take yi ba, sai ana tafiya. In ya zo kwanar masu kifi ya rage gudu, nan take kaiwa ƙarshe."

"Wane gudu? Mutumin da mai kurar ruwa ke wuce shi yana masa sannu?"

"Mutumin da bai taɓa taka ko kaza ba. Kai fa? An ce ka taɓa buge shanu suna kwance."

"Su suka taso mini. Wace kwanar ce ma, ta wajen mai faci?"

"Ta masu kifi. A garin nan aka haife ka kuwa?"

"Masu kifi sun tashi daga nan tun bara, Amarya. Yanzu kwana uku ce a jere, duk iri ɗaya. Ban san wadda kike nufi ba."

"Sun tashi?"

"Sun koma gaba. An yi shagon caji a wurin."

"Ba wanda ya faɗa mini."

"Ba ki fita kin tambaya ba. In ba a nuna mini kwanar ba, gobe a gaban dangi zan yi feɗuwar a inda na ga dama. Wataƙila a gaban majami'a. In ce ke kika koya mini."

"Ka kunyata Malam a gaban Fasto?"

"Da wannan muryar akuyar."

Ya miƙa hannu ya tura ɗaya ƙofar ta buɗe. Inna ta dubi kujerar. Fatar ta tsattsage, ta lotsa daidai zaman mutum ɗaya, kuma ba zaman kowa ba ne sai nata. Ta dubi ƙofar gida. Ta dubi jikanta, wanda ke zaune da haɓa a sama da baƙin mai a goshi, yana jira kamar bai san abin da ya yi ba.

Dariyar ta fito mata ta hanci tukuna, kamar tari. Sannan ta kama ta sosai, har ta dafa mota da hannu biyu, hawaye suna bin kumatunta, ba ta share ba.

"Ɗan banza," ta ce. "Ɗan banzan miji. Tarko ka ɗana mini da bakinka mai kama da mazurari."

"Ni feɗuwa kawai nake koyo."

"Ka ci. Na ce ka ci, kada ka sa in maimaita. Je ka buɗe ƙofar gida, ka ɗauko mini takalmi da gyale. Ba zan fita kamar wadda aka kora ba."

Ya kawo. Shigarta motar ta ɗauki lokaci, domin kujerar a ƙasa take, gwiwoyin kuma sun kwana biyu ba su yi wannan aikin ba. Ta zagi Baturen da ya ƙera ta, ta zagi wanda ya sayar, ta tsallake wanda ya saya. Da ta zauna, ta kwance bakin zaninta ta ciro ɓarin goro, ta tura masa a tafin hannu.

"Ungo ladan gyara. Kada ka saba."

"Ɓari ɗaya? Ina ɗaya ɓarin?"

"Sai ka dawo da ni da raina."

Kefas ya sa giya. Motar ta mirgina a hankali, tayoyin suna taka jiƙaƙƙen siminti. Ya tura leɓe ya fara daga ƙasa, siririya, yadda aka koya masa. Hancin motar ya leƙa titi. Wata maƙwabciya da ke kwashe shanya ta tsaya da zani a hannu tana kallo.

Inna ta ɗora hannu a kan nasa.

"Ya isa."

"Ban kai kwanar ba."

"Na sani. Yi shiru, miji. Bari in ji yadda take tafiya in babu."

Ya rufe bakinsa. Suka hau titi.